Darasin Kiwo: Riƙon Dokin da Ya Bar Sukuwa

Birnin Kano gari ne na dawaki tun zamanin da. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali domin mayaƙan doki. Sarki Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara fita da dawakin zage. Akwai ma sarautu da aka kafa saboda doki, kamar Madaki da Shamaki da Sarkin Dawaki. Zamanin yaƙi ya wuce, amma doki bai bar birni ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wannan ƙauna ce take sa magidanci ya koma neman doki bayan ya daɗe da barin hawa. Wani ya yi hawa yana yaro a gidan mahaifinsa a Yakasai ko Mandawari ko Gwale. Daga nan neman abinci ya ɗauke masa hankali shekara 15 ko 20. Da Allah ya buɗa masa, sai ya aika a nemo masa doki. Sau da yawa dillali yakan kawo masa wanda ya gama zamaninsa a filin sukuwa, domin yana da tsawo da kyan gani, kuma kuɗinsa bai kai na wanda yake kan ganiyarsa ba.

To, a nan haɗari yake. Dokin sukuwa gudu aka koya masa. Shi kuma mahayin, zuciyarsa ta tuna hawa, amma cinyarsa da bayansa sun manta. In aka haɗa su biyu da gaggawa a cikin lungunan birni, inda yara ke wasa kuma tsofaffi ke zaune a ƙofar gida, ana iya samun karaya ko asarar rai. Darasin wannan wata ya yi bayanin yadda doki da mahayi za su saba da juna har su yarda da juna.

Me aka koya wa dokin sukuwa?

Filin Sukuwa na Kano yana wajen ganuwa, a yankin Nassarawa. Ana sukuwa kuma a Katsina da Sakkwato, haka ma a Maraɗi da Damagaram da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna ƙwarai wajen sukuwa da wasan ƙwallon doki. Dawakin da ake sawa a sukuwa akwai na gida, akwai waɗanda ake kawowa daga Sudan da Cadi, akwai kuma ruwa biyu.

Ko daga ina doki ya fito, horon sukuwa kusan iri ɗaya ne. Ya kamata mai saye ya san abubuwa biyar game da shi:

1. Bai saba tsayawa a hau shi ba. Galibi ana ɗora masa mahayi ne yana cikin tafiya.

2. Ya saba da mahayi marar nauyi da ƙaramin sirdi. Bai san nauyin babban mutum da sirdin gargajiya da jalala da sauran kayan ado ba.

3. A wurinsa jan linzami ba lalle ne ya zama umarnin tsayawa ba. Mahayin sukuwa yakan riƙe linzami tamau, doki ya jingina bakinsa a kai ya ƙara gudu. Sai an gama tsere ake sassauta masa.

4. In ya ga wani doki yana gudu kusa da shi, sai ya ɗauka an fara tsere.

5. Ya saba cin hatsi mai yawa, wanda ke sa shi ƙarfi da rawar jiki.

Duk wannan ba mugunta ba ce. Darasin da aka koya masa ne, ya kuwa haddace. Aikin sabon mai shi shi ne ya koya masa wani darasin. Da yawa daga cikin dawakin nan sukan bar sukuwa tun ba su kai shekara 10 ba, alhali doki yana iya rayuwa shekara 25 zuwa 30 in ya sami kulawa. Ke nan sauran rayuwarsa ta fi wadda ya yi yawa.

Kafin a biya kuɗi

Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Kada mai saye ya tsaya ga yabon dillali. Ko a barga za a saya, ko a kasuwar dabbobi irin ta Maigatari, tambayar farko ita ce: me ya sa dokin ya bar sukuwa? Wani gudunsa ne ya ragu. Irin wannan ba shi da laifi, sau da yawa ma shi ya fi dacewa da wanda ya daɗe bai hau ba. Wani kuwa ciwo ne ya fitar da shi.

Ga abin da za a duba:

Ƙafafu. A shafa bayan ƙwaurin ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa ƙasa. In akwai kumburi ko zafi, jijiya ta taɓu. Wannan ciwo yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci har shekara, kuma yana iya dawowa.

Tafiya. A sa wani ya ja shi ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri. Dokin da ƙafarsa ta gaba ke ciwo yakan ɗaga kai sama duk sa'ad da wannan ƙafa ta taɓa ƙasa.

Kofato. Kada ya kasance a tsage ko yana wari.

Baya. A danna inda sirdi ke zama. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, yana jin ciwo. Farin gashi a wurin alama ce ta tsohon gyambon sirdi.

Haƙora. Doki yana famfarar haƙoran gaba na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Daga nan, gwargwadon tsufansa gwargwadon yadda haƙoran ke tsawo suna karkata gaba.

Numfashi. Bayan ya yi sassarfa a saurara. Kada a ji tari ko gurnani.

Ya kamata a je ganin dokin sau biyu a ranaku daban-daban, na biyun ba tare da sanarwa ba, domin akwai allurar da ke ɓoye ɗingishi na ɗan lokaci. Abin da ya fi shi ne a tafi da likitan dabbobi. A cikin birni akwai asibitin dabbobi a Gwale. Kuɗin da za a ba likita bai kai asarar sayen gurgun doki ba.

Sannan mai saye ya yi lissafin abincin shekara guda tun kafin ya yi ciniki. Harawa tana araha da kaka, tana tsada da bazara. Mai dabara yakan saya da kaka ya adana a kan soro ko a rumfa, inda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Makonnin farko: hutu da gyaran abinci

Ranar da doki ya iso gida ba ranar hawa ba ce. Ya bar bargar da ya sani da murin da ya saba da shi. Komai baƙo ne a wurinsa, har ɗanɗanon ruwa. A ba shi hutun mako 3 zuwa 4 ba hawa. In akwai wasu dawaki a gidan, a ware shi na mako 2 ko 3 don gudun yaɗa cuta. A cikin wannan lokaci likita zai ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska, a yanke masa kofato, a duba haƙoransa.

Turkensa ya kasance a inuwa, inda iska ke shiga, ƙasa kuma ba danshi. A riƙa kwashe kashi safe da yamma. Wannan yana rage ƙuda, yana hana rigima da maƙwabta, kuma takin yana da amfani a gona. Kada a bar shi ɗaure dare da rana da tarnaƙi. Yana bukatar wurin da zai juya, ya yi birgima, ya kwanta. Ko da yake doki yana gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai ya kwanta.

Game da abinci, Allah ya halicci doki da ƙaramin tumbi, wanda bai fi cin lita 15 ba. In an sake shi a daji yakan shafe wajen awa 16 a yini yana kiwo kaɗan-kaɗan. Kuma doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Saboda haka sai a kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Ciyawa da harawa su ne tushen abincinsa. Yana bukatar kashi 1 da rabi zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kullum. Dokin da ya kai kilo 350 zai ci kilo 5 zuwa 7 na busasshiyar ciyawa da harawa.

2. A rage masa gero da dawa, tun da ya daina aikin gudu. Amma kada a yanke rana ɗaya. A rage sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Duk canjin abinci haka ake yin sa.

3. Hatsi da dusar da za a ba shi a raba sau 2 ko 3 a yini. A fara ba shi ciyawa tukuna.

4. Ruwa mai tsabta ya wadata. Yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, wato jarka ɗaya zuwa biyu. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke kai awo 40, ya fi haka sha.

5. A ba shi gishiri ko 'yar kanwa daidai wa daida.

6. Kada a ba shi harawar da ta yi fumfuna. Kada a zuba masa abinci a kan rairayi, domin yashi yana taruwa a hanji. A tsince leda daga inda yake, domin tana toshe ciki.

Binciken likitocin dabbobi a ƙasashe da dama ya nuna mafi yawan dawakin da ke cikin horon sukuwa suna da gyambon ciki. Dalili shi ne yawan hatsi, da ƙarancin ciyawa, da wahalar gudu. Mai wannan ciwo yakan rame, ya riƙa tsakurar abinci, ya kai cizo in an zo ɗaure majayi. Sai a ce mugun doki ne, alhali ciwo ke cin sa. Ruwa ba ya tsami banza. Duk dokin da ya faye tutsu, a fara neman inda ke masa ciwo kafin a nemi bulala.

Yarda a turke take farawa

A daji doki abin farauta ne. Makaminsa na farko gudu ne, saboda haka tsoro yana kusa da zuciyarsa. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa. Wuri biyu ne ba ya gani: daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta nan ba zato shi ke shan shuri. A tunkare shi ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana.

Doki kuma ba ya mantuwa da wuri. A 2018 masana na jami'o'in Sussex da Portsmouth a Ingila sun nuna wa dawaki hoton fuskar mutum, wani yana fushi, wani yana murmushi. Bayan 'yan sa'o'i aka kawo mutanen da kansu, ba fushi ba dariya. Dawakin suka fi ɗari-ɗari da wanda suka gani yana fushi a hoto. Wannan ya tabbatar da abin da tsofaffin masu barga suka daɗe da sani: wanda ransa ke ɓace kada ya je turke.

Mai doki ya koyi karanta jikin dokinsa. Kunnuwa kwance baya fushi ne ko ciwo. Farin ido a waje, hanci a buɗe, wuya a sandare, wannan tsoro ne. Kunne ɗaya yana juyowa wajen mutum, yana saurare ke nan. In ya sauke kai, ya yi ajiyar zuciya, ya sassauta ƙafar baya ɗaya, to ya saki jiki.

Ga matakan da za a bi. Ba a wuce mataki sai doki ya natsu a kansa kwana 3 a jere.

Mataki na 1. Mai doki ya riƙa kai masa abinci da ruwa da hannunsa, a kan lokaci ɗaya kullum. In yaro ne kawai ke ba shi abinci, to yaron zai sani. Ya ɗan zauna kusa da shi ba tare da ya nemi komai ba.

Mataki na 2. Shafa da goge jiki. A fara daga wuya da kafaɗa, a bi baya, sannan ciki da ƙafafu. Kai da kunne su ne na ƙarshe. In ya ƙi wani wuri, a koma inda ya yarda, a sake matsowa.

Mataki na 3. Ɗaga ƙafa. A ɗaga kowace ƙafa na ɗan lokaci, a share kofato, a ajiye ta a hankali. Dabbar da ke tsira da gudu ba ta ba da ƙafarta sai ga wanda ta amince da shi.

Mataki na 4. Ja da ragama. A koya masa abu uku: tafi, tsaya, ja da baya. Kowanne da kalmarsa guda wadda ba ta canzawa. Mutum ya tsaya daidai kafaɗarsa. Kada a taɓa naɗe igiya a hannu, domin in ya fizga yana iya karya yatsu ko ya ja mutum a ƙasa.

Mataki na 5. Zagaye da doguwar igiya a fili mai taushi, minti 10 zuwa 15, ta dama da ta hagu. Zai fi son ɓangaren da ya saba gudu a kai. A yi haƙuri da ɗaya ɓangaren.

Mataki na 6. Ɗaura sirdi ba hawa. A tsuke majayi kaɗan-kaɗan, a ja shi ya zagaya, a kwance.

A duk matakan nan akwai sirri guda. Doki yana gane ya yi daidai ne a lokacin da aka sassauta masa. In an ja ragama don ya tsaya, da zarar ya tsaya sai a saki nan take, a shafa wuyansa. In aka ci gaba da ja bayan ya tsaya, ba zai san abin da ake so ba. Haka kuma dukan da aka yi masa bayan an dawo gida saboda laifin da ya yi a hanya ba ya koya masa komai sai tsoron mai shi. Darasi ya zama gajere, a kuma tashi a kan abin da ya iya.

Shi ma mahayi sai ya shirya

Mutumin da ya bar hawa yana ɗan shekara 18 ya dawo yana da 40 ba jikin da ne da shi ba. Nauyi ya ƙaru, gaɓoɓi sun yi tauri, kuma faɗuwar babba ba irin ta yaro ba ce. Ga iyali da ke jiran abinci daga hannunsa. Don haka in ya ji fargaba ba abin kunya ba ne.

Amma ya san abin da fargaba ke sa jiki ya yi. Mai tsoro yakan sunkuya gaba, ya matse doki da ƙafafu, ya ja linzami ya riƙe. Waɗannan abubuwa uku su ne daidai abin da mahayin sukuwa ke yi in yana son gudu. Ke nan mutumin yana roƙon doki ya tsaya, doki kuwa yana jin an ce ya tashi. Wannan rashin fahimta shi ne sanadin haɗurra da yawa tsakanin irin wannan doki da irin wannan mahayi.

Maganin abin shi ne mahayi ya yi amfani da makonnin hutun dokin ya gyara kansa:

1. Ya riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum, da tsugunno da miƙewa don ƙarfin cinya.

2. Ya ari lafiyayyen doki wanda ya saba da birni, ya yi ta hawa har zamansa ya dawo. Ya koyi zama a miƙe, kafaɗu a sake, hannu a ƙasa, numfashi a hankali.

3. Ya nemi tsohon muri ko gwanin hawa ya tsaya masa. Matambayi ba ya ɓata.

4. Mai hawan jini ko ciwon baya ya ga likita tukuna.

5. Ya sa hular kwano lokacin horo. Rawani ado ne, ba ya tare kai daga kwalta. Takalmi ya zama mai dunduniya, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa.

Akwai kuma batun nauyi. Masana da yawa suna ba da shawarar kada mahayi da sirdinsa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Dokin kilo 350 zai ɗauki wajen kilo 70 ba tare da wahala ba. Mai jiki sai ya nemi ingarma.

Komawa kan sirdi

Hawan farko a yi shi a wuri mai shinge, da sanyin safiya, bayan doki ya ci 'yar ciyawa. Mutum ɗaya ya riƙe ragama. In akwai gwani, shi ya fara hawa. A hau daga kan dakali don kada a ja bayan dokin gefe guda.

Darasin farko tsayuwa ce. Mahayi ya hau, ya zauna a hankali, ya ƙirga 20, ya sauka. A maimaita har doki ya gane cewa hawa ba ya nufin tashi. Bayan haka sai tafiya ta minti 10 zuwa 15, mai ragama yana gefe. A riƙa tsayawa ana tashi, da kalmomin nan da ya koya a ƙasa. Mako 2 na farko tafiya kawai. Sannan a shiga sassarfa kaɗan-kaɗan. Kada a sake shi ya yi sukuwa sai bayan wata 2 ko 3, in an tabbata yana tsayawa da zarar an ce ya tsaya. Ko a lokacin, kada a yi ta a hanyar komawa gida, kada kuma a yi kafaɗa da kafaɗa da wani doki.

Linzamin gargajiya yana da kaifi. Yana da ƙarfen da ke danna ganɗa da zoben da ke kama haɓa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun mai tsoro yana yanka harshe, doki ya miƙe tsaye don zafi. A fara da linzamin da dokin ya saba da shi, ko wani mai sauƙi. Ƙaimi kuwa a ajiye shi gaba ɗaya.

In doki ya kwasa da gudu, kada mahayi ya ja linzami da hannu biyu ya ƙanƙame. Ya zauna da kyau, ya mai da kafaɗunsa baya, ya ja ya saki, ya ja ya saki, yana faɗin kalmar tsayawa. In akwai fili, ya karkata shi ya yi babban zagaye, yana rage faɗinsa har gudun ya mutu.

Saba masa da birni

Filin sukuwa a buɗe yake. Cikin birni kuwa lunguna ne matsattsu, ga kwata, ga babura da A Daidaita Sahu, ga awaki, ga ƙarar injin markaɗe, ga leda tana tashi. Kwalta kuma tana da santsi. A fara zagayawa da shi a ja, da asuba kafin gari ya cika. In an sami tsohon doki mai natsuwa ya shige gaba, ya fi, domin doki yana koyi da ɗan'uwansa. In ya tsorata da wani abu kada a doke shi. A tsaya nesa kaɗan, a bar shi ya duba, ya sansana, sannan a matsa. A tuna kuma yawancin dawakin hawa a ƙasar Hausa maza ne da ba a dandaƙe ba. A nisanta su da goɗiya, kada kuma a bari su haɗa hanci da juna.

Burin masu doki da yawa shi ne hawan Sallah. Bisa al'ada, bayan hawan Idi akwai Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, sannan Hawan Ɗorayi ko na Fanisau. A nan doki zai gamu da tambura da kakaki da algaita, da ƙarar bindigogi, da laima da tutoci, da dubban jama'a. Mafi wuya a gare shi shi ne jahi a Ƙofar Kudu, inda mahaya ke jeruwa su sako dawaki a guje, su ja su tsaya cak a gaban Sarki. Tsohon dokin sukuwa ya san farkon wannan, amma ba a taɓa koya masa ƙarshensa ba. Ga shi kuwa mutane ne a gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da aka saya saura wata guda Sallah ba na hawan wannan Sallar ba ne. A saba masa da kiɗa daga nesa, ana matsowa kullum. A sa masa kayan ado ɗaya bayan ɗaya. Mahayi ya gwada hawa da babbar riga a gida. Sallar farko a ja shi ya yi kallo daga gefe. Ta biyu ya shiga jerin gwano, da mutum a ƙasa kusa da kansa. Jahi kuwa sai gwani ya shaida ya isa. A sani kuma hukumomi a Kano sun sha hana kilisa da sukuwa a kan tituna saboda raunata mutane. Mai doki ya bi doka, kada ya ba yaran unguwa aron irin wannan doki.

Alamomin da za a kira likita

Lafiyayyen doki in yana hutawa zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya. Yana numfashi sau 8 zuwa 16. Zafin jikinsa awo 37.5 zuwa 38.5 ne. A gaggauta kiran likita in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi. Ciwon ciki ne, yana kisa cikin sa'o'i. A ɗauke abinci, kada a yi masa ɗure.

2. Kofato ya yi zafi, yana tsayawa ya miƙa ƙafafun gaba. Yawan hatsi yana kawo wannan.

3. Zazzaɓi da kumburin saman ido da wahalar numfashi, musamman da damina. Akwai mugunyar cutar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa.

4. Ƙusa ko ƙarfe ya soke shi. Doki yana saurin kamuwa da ciwon sarƙewar haƙora, kuma akwai allurar rigakafinsa.

Kofato kuwa a riƙa yanke shi duk mako 6 zuwa 8.

Haƙƙin doki

A Ingila an kafa ƙungiya a shekarar 2000 musamman don sake horar da dawakin da suka bar sukuwa da sama musu gidaje. A birnin Kano wannan nauyi yana wuyan wanda ya saya. Dokin nan ya yi wa wani gudu da ƙuruciyarsa, ya ci masa kyauta. Yanzu amana ce a hannun sabon mai shi. In hali ya gaza, kada a bar shi ya rame a turke. A nemi wanda zai iya riƙonsa, a gaya masa gaskiyar halinsa da ciwonsa. Wani dokin yakan natsu cikin wata 3, wani sai ya shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da aka koya wa dokin sukuwa waɗanda ke iya jawo haɗari a cikin gari.

2. Me ya sa ake so a je ganin doki sau biyu kafin a saya?

3. Doki mai nauyin kilo 400, kilo nawa na ciyawa da harawa zai ci a yini?

4. Waɗanne wurare biyu ne doki ba ya gani?

5. Abubuwa uku da mahayi mai tsoro ke yi, yaya dokin sukuwa yake fahimtarsu?

6. Me ya sa ba a shiga jahi da sabon doki?

Aikin aji

Ɗalibai su ziyarci wani mai doki a unguwarsu ko ƙauyensu. Su rubuta sunayen kayan doki guda 10 da amfanin kowanne. Su tambayi kuɗin damin harawa da kaka da kuma da bazara, su lissafa abin da ciyar da doki ɗaya zai ci a wata guda, su kawo wa malami a zama na gaba.